Dakta Bala Usman da tarihin Katsinar da iyaka ta raba biyu

Wanda ya tashi daga birnin Katsina da hantsi ya bi hanyar Jibiya, idan jami'an kan iyaka ba su riƙe shi da yawa ba, kafin azahar ya wuce Ɗan Isa yana cikin ƙasar Madarunfa a Jihar Maraɗi. Kuɗi za su canja daga Naira zuwa Sefa, allunan gefen hanya su koma Faransanci, amma Hausar da zai ji a tasha da kasuwa ba za ta yi masa baƙunci ba.

Abin da kan ɗaure wa baƙo kai shi ne sarauta. Sarkin da ke zaune a fadar Maraɗi, kilomita 20 da 'yan kai arewa da Madarunfa, sunan sarautarsa Sarkin Katsina. Akwai Ƙaura a fadarsa, akwai Galadima da Durɓi da Yandaka, kamar yadda ake da su a Katsinar Najeriya. Dattawan Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma, in ana maganar asali, da yawansu Katsinawa suke kiran kansu, kuma ba aro suka yi ba.

Sai dai yaron da ke makaranta a bakin tafkin Madarunfa tarihin Nijar ake koya masa, takwaransa na Jibiya kuma na Najeriya. Kowane littafi yana tsayawa ne inda taswirar ƙasarsa ta tsaya. Labarin yadda aka yi Katsina ta zama biyu ya faɗa a tsakani, kowane ɓangare na riƙe da rabinsa.

Cikin masanan da suka ƙi yarda da wannan rabo, babu wanda sunansa ya fi fitowa kamar marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Mutane da yawa sun san shi ne a matsayin ɗan gwagwarmaya mai kaifin harshe, wanda ba ya raga wa soja ko farar hula. Kaɗan ne suka karanta aikin da ya fara fito da shi a duniyar ilimi, wanda kuma shi ne ya shafi mutanen Madarunfa kai tsaye.

Ɗan sarautar da ya binciki sarauta

An haifi Bala Usman a Musawa a 1945. Mahaifinsa Durɓin Katsina ne, ɗan'uwan Sarki Usman Nagogo, kakansa kuwa shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Basulluɓen da Turawan Ingila suka naɗa a 1906 bayan sun tuɓe gidan Dallazawa. Mahaifiyarsa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Duk wanda ya tashi a gida irin wannan, tarihin Katsina a kunne yake fara shan sa, daga bakin maroƙa da fadawa da tsofaffin cikin gida, kuma ta fuskar waɗanda suka yi nasara.

Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Lancaster da ke Ingila, ya dawo ya koyar a Kwalejin Barewa daga 1967. Daga nan ya shiga sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, sashen da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1962. Smith Bature ne ɗan Ingila da ya musulunta ya zauna a Najeriya har ƙarshen rayuwarsa a 1984. Shi ne ya fito fili ya ce a daina ɗaukar labarin Bayajida da Hausa Bakwai a matsayin bayanin yadda aka kafa ƙasashen Hausa. Ya ce a duba yadda ƙauyuka suka zama garuruwa, garuruwa suka zama birane masu ganuwa, da abin da noma da ƙira da fatauci da baƙi suka yi a cikin wannan sauyi. A hannunsa Bala ya goge.

A 1974 Bala ya kammala digirin digirgir a kan Katsina. A 1981 maɗaba'ar jami'ar ta buga aikin da sunan The Transformation of Katsina, 1400-1883, wato yadda Katsina ta sauya daga tsarin sarauta na dā zuwa masarautar da jihadi ya kafa. Bai tsaya ga takardun Turawan mulki da ke ajiye a Kaduna ba. Ya karanta rubuce-rubucen Larabci na malaman Sakkwato da Katsina, ya zaga garuruwa yana zama da dattawa, ya kuma tsallaka zuwa ƙasar Maraɗi don jin ta bakin zuriyar waɗanda aka kora. Jikan Dikko ke nan yana ɗaukar bayani daga gidan da aka ƙwace wa birnin tun kafin a haifi kakansa.

Daga Ɗankama zuwa Maraɗi

Ga labarin a taƙaice, don mai karatun da bai san shi ba. Bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira a 1804, malamai uku ne suka jagoranci jihadi a ƙasar Katsina: Umarun Dallaji da Muhammadu Na Alhaji da Umarun Dumyawa. A wajajen 1807 birnin ya faɗa hannunsu. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya ja da baya zuwa Ɗankama, garin da a yau yake daf da kan iyaka a Ƙaramar Hukumar Kaita. Can aka sake cin su da yaƙi, kuma a nan ya rasa ransa. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ita ce rijiya ya faɗa.

Sauran jama'arsa suka naɗa Ɗan Kasawa, suka nufi Damagaram, inda suka yi shekaru suna gudun hijira. Arewacin Katsina, har da kwarin Gulbin Maraɗi inda Madarunfa take, ya shiga hannun gidan Umarun Dumyawa. Mutanen kwarin ba su ji daɗin sabon mulkin ba. Kafin 1820 suka yi tawaye, aka kashe wakilin da aka ajiye musu mai suna Mani, Ɗan Kasawa ya shigo Maraɗi ya kafa fada. Bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba. A wurinsa Maraɗi sansani ne, za a zauna kafin a koma gida.

Ba a koma ɗin ba, amma an shafe kusan shekara 80 ana gwadawa. Rauda, wanda ya gaji Ɗan Kasawa, ya mutu a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayan wannan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Ɗan Mari ya kutsa har ƙasar Ruma, mutanen yankin suka mara masa baya, amma Sarkin Katsina Siddiku ɗan Umarun Dallaji ya murƙushe su, Ɗan Mari ya kwanta dama a Matazu, maƙwabciyar Musawa inda aka haifi Bala. Ƙasar Ruma ta daɗe ba ta farfaɗo daga wannan ɓarna ba, kuma ita ce yankin da a yau ake yawan jin sunansa a labaran 'yan bindiga. Daga baya aka yi Ɗan Baskore, wanda hare-harensa suka hana garuruwan Katsina da na Kano barci, sannan Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin.

A kudancin iyaka, waɗannan sunaye na mahara ne da suka sa aka gina ganuwa aka ƙaura daga gonaki. A arewacinta kuwa jarumai ne da ake yi wa kirari. Mutum ɗaya, suna biyu.

Rigimarsa da kalmomi biyu

Turawan da suka fara rubuta wannan tarihi sun sauƙaƙa wa kansu aiki da kalmomi biyu, Fulani da Haɓe. A lissafinsu wata ƙabila ce ta zo ta ci wata da yaƙi, waɗanda aka ci suka gudu Maraɗi suka ci gaba da al'adunsu na dā. Ko masanin da ya yi zurfi irin M.G. Smith, wanda ya wallafa nazari a kan Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore a 1967, a kan wannan ma'auni ya ɗora yawancin aikinsa. Shi wannan Smith ɗin daban yake da Abdullahi Smith na Zariya.

Bala ya rubuta maƙala ta musamman yana sukar wannan hanya, ya kuma ambaci M.G. Smith da suna. Hujjarsa ita ce waɗannan kalmomi ba sa bayyana komai, rufe tambaya kawai suke yi. Idan yaƙin ƙabila ne, ina za a ajiye Abdussalami, malamin nan Ba'are almajirin Shehu, wanda harin da aka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abin da ya kunna wutar jihadin? Ina za a ajiye Fulanin da ba su bi jama'ar Shehu ba, da Hausawan birni da ƙauye da suka bi?

Misalin da ya fi kowanne ƙarfi yana cikin tarihin Maraɗi kanta. Siddikun nan da ya kashe Ɗan Mari, ba a daɗe ba Sakkwato ta tuɓe shi a 1844. Da ya tashi neman mafaka, wurin abokan gabarsa na jiya ya nufa. Ya haɗa kai da Maraɗawa a kan Katsinar da ya mulka, ya zauna a ƙasar Tasawa. Ɗan mai tuta ne, Bafillace gaba da baya. Wanda ke riƙe da ma'aunin Fulani da Haɓe ba shi da abin cewa a nan sai dai ya kira shi abin mamaki ya wuce.

Abin da Bala ya sa a gaba shi ne tambayar yadda aka tsara mulki da dukiya. Su wa ke zaɓen sarki? Wa ke karɓar haraji, daga hannun wa? Yaya dangantakar fada take da malamai da fatake da makiyaya da manoman karkara, kuma me ya tsinke a ƙarshen ƙarni na 18 har tsarin ya kasa riƙe su? A ganinsa Bakatsine mutumin ƙasar Katsina ne, ko kakansa daga Barno ya zo, ko daga Azbin, ko daga Mali. Katsinanci zama ne da shiga cikin tsarin ƙasa, ba jini ba.

Haka ya yi wa Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da Hausawa suka sani da Abdulkarim, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa ya isa Katsina a farkon 1851. Marubuta da yawa sun ɗauki littafin Barth kamar ba a taɓa shi. Bala ya tsaya ya tambaya: kwana nawa ya yi a garin, da wa ya zauna, wa ya yi masa tafinta, wane tunani game da launin fata da ƙabila ya ɗauko daga Turai, kuma yaya takun-saƙar da ya yi da Sarkin Katsina na lokacin a kan kyaututtuka ta shafi abin da ya rubuta? Bai ce a jefar da Barth ba. Cewa ya yi a tuhume shi kamar yadda ake tuhumar maroƙin fada, tunda kowannensu yana da inda ya tsaya yake kallo.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya: Bala ba shi da sauƙin muhawara. Abokan aikinsa da dama sun ɗanɗana kuɗarsu a zauren taron sashen tarihi, wasu kuma na ganin ya cika matsa wa batun tattalin arziki har yana rage wa aƙida da addini nauyinsu a jihadin. Wannan suka ce da za a iya tattaunawa. Amma tun bayan littafinsa, da wuya ɗalibin kirki ya rubuta cewa Fulani sun ci Haɓe ya ajiye alƙalami yana ganin ya gama bayani.

Ba Katsina kaɗai ba

Matsalar da Bala ya yi fama da ita tsohuwa ce a duniya, kuma ƙasar Girka na cikin wuraren da aka fi nazarinta. Bayan Girkawa sun ɓalle daga mulkin Turkawa an amince da ƙasarsu a 1830, wani masani mai rubutu da Jamusanci, Jakob Fallmerayer, ya ce mutanen Girka na zamani ba jinin Girkawan dā ba ne. Martanin da ya fi tasiri ya zo ne daga Konstantinos Paparrigopoulos, wanda daga 1860 ya fara fitar da tarihin al'ummar Girka a mujalladai, inda ya ƙulla zamanin dā da daular Rum ta Gabas da sabuwar ƙasa a igiya ɗaya, kamar al'umma guda ce ta taho ba yankewa. Wannan ya zama abin da ake koyarwa a makarantu.

Masana na baya, irin su Antonis Liakos, sun mai da hankali ne ga binciken yadda aka ɗinka wannan labari da abin da aka bari a waje. Ba wasa ba ne: a 2007 sai da gwamnatin Girka ta janye wani littafin tarihi na 'yan aji shida na firamare saboda hayaniyar da aka yi cewa ya sassauta labarin abin da ya gudana tsakaninsu da Turkawa.

Bambancin shi ne Girkawa sun nemi haɗa zamuna uku su zama ƙasa ɗaya, mu kuwa ƙasa ɗaya aka yanka mana aka ce kowane yanki ya nemi tarihinsa. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka ja layin, aka kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908. Faransa na neman hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Chadi, ta samu. Haka Madarunfa ta zama ta Faransa, Jibiya ta zama ta Ingila.

Masanan Nijar ba su zauna ba. Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasar har zuwa juyin mulkin 1974, ya tara rubutattun takardu da ruwayoyin baka masu yawa, ya yi littafi a kan Gobir da Sakkwato. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a 1971. Djibo Hamani ya yi a kan Adar da Azbin. Wani Bafaranshe, Philippe David, ya tattara tarihin tsohuwar Maraɗi da labarin Ƙaura Hasau a shekarun 1960. Addo Mahamane ya kammala digirin digirgir a Faransa a 1998 a kan tsarin mulkin Katsina a zamanin gidan Korau. Duk da Faransanci.

Bala na cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin haɗa waɗannan rafuka biyu. Babban taron masana da aka yi a Sakkwato a 1975 a kan tarihin Daular Usmaniyya, shi ne ya tace maƙalunsa aka buga a 1979, kuma akwai ta Djibo Hamani a ciki.

Daga aji zuwa fagen siyasa

Sauran rayuwarsa an fi saninta. Yana cikin kwamitin tsara kundin tsarin mulki da gwamnatin Murtala ta kafa a 1975, inda shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye suka rubuta nasu. Ya zama Sakataren Gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna a zamanin Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, lokacin Katsina na cikin jihar. A 1987 ya fitar da littafi a kan yadda masu mulki ke wasa da addini don biyan buƙatunsu. Gwamnatin Babangida ta raba shi da aikinsa a 1989, kotu ta mayar da shi. Daga baya ya kafa cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya, kuma a 2000 shi da Alkasum Abba suka wallafa The Misrepresentation of Nigeria, martani ga masu cewa Najeriya tarin ƙabilu ne da ba su san juna ba sai da Lugga ya haɗa su a 1914.

Wanda ya karanta littafin Katsina zai ga cewa faɗan ɗaya ne tun farko. Abin da ya ce game da Fulani da Haɓe a 1974 shi ya maimaita game da Hausa da Yarabawa da Ibo bayan shekara 26. Ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara 60, har lokacin Dakta ake kiransa.

Yanzu da Nijar ke sake rubutu

Maganar ta sake tasowa ne saboda abin da ke faruwa a Yamai. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, hukumomin soja sun ɗauki tarihi da muhimmanci. A Oktoban 2024 an sauya sunayen tituna da wurare masu ɗauke da sunayen Faransawa, titin De Gaulle ya koma na Djibo Bakary. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta kafa kwamitin masana da zai rubuta cikakken tarihin ƙasar. A 2025 kuma sabon kundin da ke tafiyar da mulkin ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A Najeriya kuwa, an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009, aka yi fiye da shekara 10 kafin a dawo da shi.

Cire sunan Bature daga kan titi abu ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne cire layin da ya ja daga cikin littafi. Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari Faransawa a 1899, da Kawusan da ya kewaye Agadas a 1916, suna shiga tarihin ƙasa ba tare da gardama ba, domin abokin gabarsu baƙo ne. Ɗan Kasawa da Ɗan Mari da Ɗan Baskore fa? Su da 'yan'uwansu suka yi yaƙi, a kan birnin da yanzu yake wata ƙasa. Ɗankama da Ruma da Matazu duk suna Najeriya. Marubucin Yamai da ya tsaya a Ɗan Isa ba zai iya bayyana dalilin da ya sa ake kiran sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ba. Na Abuja da ya tsaya a Jibiya zai ci gaba da nuna Maraɗawa a matsayin wasu mahara da ke faɗowa daga wajen taswira.

Akwai kuma haɗarin da Bala ya yi ta gargaɗi a kai. A daidai lokacin da satar mutane da ta shanu ta addabi ƙauyukan Gabi da Madarunfa da Jibiya da Batsari, kalmomin nan biyu sun dawo da ƙarfi a Facebook da TikTok, inda ake ta yaɗa cewa rikicin yau ci gaban na 1804 ne tsakanin Hausa da Fulani. Masu wannan magana da wuya a ji sun ambaci Abdussalami, balle Siddiku a Tasawa.

Madarunfa na da abin nunawa. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajin da ke kusa da shi da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su. Ana kuma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Katsina da Jibiya. Dattawan da Bala da Philippe David suka zauna da su da Hausa suka ba da labarinsu. Ɗaya ya rubuta da Turanci aka buga a Zariya, ɗaya da Faransanci a jerin littattafan cibiyar bincike ta Yamai. Jikokin waɗancan dattawa da ke Madarunfa sai sun koyi Turanci kafin su karanta na farko, na Jibiya kuma sai sun koyi Faransanci kafin su karanta na biyu.